Makonni shida na ilimin taurari a ƙaramar sakandare: daga ina za a fara?

Malamar Aji Biyu ta rubuta:

Assalamu alaikum malamai. Shawara nake nema a kan babin sararin samaniya na darasin kimiyya, aji biyu na ƙaramar sakandare, yara 'yan shekara 12 zuwa 14. Makonni shida aka ware, darasi uku a mako, kowanne minti 40, ajin kuma ya kai ɗalibai 40. Abin da ake so a koyar: dare da rana, siffofin wata, kusufi, sauyin lokutan shekara, sai duniyoyin da ke kewaya rana. Babu madubin hangen nesa, kuma da rana tsaka ake karatu.

Da wanne ya kamata a fara? Yaya ake koyar da abin dare da rana? In an samu ɗan kuɗin kayan aiki, madubin ne ya fi dacewa a saya? Babbar damuwar ita ce yaro ya jero sunayen duniyoyi takwas ba gargada, amma da an tambaye shi me ke rage wata sai ya ce inuwar duniya ce ta rufe shi.

Tsohon Malamin Kimiyya ya rubuta:

Wa'alaikumus salam Malama. Ki fara da wata, kuma kada ki jira ranar da babin zai fara a jadawali, domin wata ba ya bin jadawalin makaranta. Daga tsayuwa zuwa tsayuwa kwana 29 da rabi ne, wato fiye da makonni huɗu cikin shidanki. Ki duba ranar da zai tsaya, bayan kwana biyu ki raba wa yara takardar lura ko da kuna kan wani babin.

Takardar ba ta buƙatar ado. Kowane dare gida ɗaya: kwanan wata, lokaci, da'irar da za a zana siffar a ciki, sashen da aka gan shi, da tsayinsa daga ƙasa. Tsayin da hannu ake aunawa. Dunƙulen hannu a miƙe yana rufe kusan digiri 10 na sama, ɗan ƙaramin yatsa kusan digiri 1, kuma awon yana yi wa babba da yaro daidai saboda mai ƙaramin dunƙule hannunsa gajere ne. Ki gwada su a fili: daga inda sama ta haɗu da ƙasa zuwa tsakar ka ya kamata su ƙirga dunƙule tara. Wanda ya samu shida ko bakwai yana lanƙwasa gwiwar hannu ne.

Sharaɗin da ya fi kowanne muhimmanci shi ne lokaci guda da wuri guda kullum, misali rabin awa bayan faɗuwar rana. Ta haka ne za su ga abin da kallon dare ɗaya ba ya nunawa: jinjirin yana yamma kusa da inda rana ta faɗi, kowace yamma ya matsa gabas da dunƙule ɗaya da 'yan kai, kimanin digiri 13, ya kai tsakar ka yana rabi wajen kwana bakwai, ya cika a gabas wajen kwana goma sha huɗu. Daga nan rikici ke farawa. Wata yana jinkirin fitowa da kusan minti 50 kowace rana, saboda haka bayan ya cika ba za a same shi da magariba ba. In ba ki gargaɗe su ba, rabi za su ce ya ɓace, rabi kuma su zana na ƙarya. Daga kwana 16 a mayar da lura zuwa safiya, kuma nan ne amsar tambayarki ta koyarwa da rana: tsakanin kwana 18 da 24 wata yana nan a sama ta wajen yamma da hantsi, ana ganinsa daga filin makaranta.

A irin wannan safiya ki fitar da su da farin ƙwallo. Kowa ya ɗaga ƙwallon ya saita shi dab da watan, rana na dukansa. Siffar hasken da ke jikin ƙwallon za ta zo daidai da ta watan, domin fitila ɗaya ke haska su ta kusurwa ɗaya. Sai ki tambaye su ina inuwar duniya take a lokacin. Tana can ƙarƙashin ƙafafunsu ta ɓangaren da ke baya ga rana, ba abin da ya haɗa ta da watan. Minti goma ne aikin, kuma ya fi zane goma a allo.

Aikin cikin aji sai bayan sun tara lura ta akalla mako biyu, don a samu abin da za a bayyana. Kayan: ƙwan lantarki ɗaya mai haske sosai, tsirara ba murfi, a tsakiyar ɗaki sama da kai kaɗan, ƙwallo mai faɗin santimita 5 zuwa 7 a soke a fensir, kowane yaro da nasa. Ƙwan shi ne rana, kan yaro duniya, ƙwallon wata. Ya fuskanci ƙwan da ƙwallon a miƙe: duhu yake gani, wata bai tsaya ba. Ya juya ta hagu a hankali: siririn haske ya fito a gefen dama, ya yi rabi a rubu'in juyi, ya cika idan ya ba ƙwan baya, sannan ya rinƙa raguwa.

Abubuwan da ke ɓata shi sanannu ne. Idan ɗakin bai yi duhu ba, ko bangon fari ne, hasken da ke dawowa daga bango yana cike ɓangaren duhu, iyakar ta ɓace. A toshe tagogi da kwali, kuma fitila ɗaya tak. Ƙwallon tanis na tebur haske na ratsa shi, sai an shafe shi da farin fenti sau biyu. Yara 40 a lokaci guda za su yi wa juna inuwa, a raba su uku, su tsaya a da'ira mita biyu daga ƙwan. Na ƙarshe: idan yaro ya ba ƙwan baya, inuwar kansa tana faɗawa kan ƙwallon, maimakon cikakken wata sai ya ga duhu. Kada ki gyara masa da sauri. Kusufin wata ke nan ya yi da hannunsa, kuma ya ga bambancinsa da raguwar wata. Sai ki ce ya ɗaga ƙwallon sama da kansa kaɗan, daga nan ki shiga dalilin da ya sa ba kowane wata ake kusufi ba: hanyar wata a karkace take da kusan digiri 5 daga shimfiɗar hanyar duniya.

Yara ba sa yarda digiri 5 zai isa, saboda littafi yana zana wata dab da duniya. Faɗin duniya kilomita 12,742, na wata 3,474, tsakaninsu kuwa kimanin 384,400, wato duniya 30 a jere. Ki ɗauki ƙwallon kwando a matsayin duniya da ƙwallon tanis a matsayin wata, ki ce su ajiye su a tazarar da suke zato. Yawanci ba sa wuce tsawon hannu. Amsar mita 7 da 'yan kai ce. A wannan tazara karkacewar digiri 5 tana ɗaga ƙwallon tanis sama ko ƙasa da kusan santimita 65, alhali faɗin tsakiyar inuwar duniya a wurin bai wuce santimita 17 ba. Wata ya kuskure inuwar ya fi sauƙi a kan ya faɗa cikinta, shi ya sa damar kusufi ke zuwa wajen kowane wata shida.

Malamin Lissafi ya rubuta:

Na yarda da Yallaɓai a kan wata, amma da gyara ɗaya. Haske a gefen dama yadda ake gani ne daga arewa mai nisa. Kusa da layin ikwaita, wanda ya raba duniya arewa da kudu, jinjiri kwance yake fitowa kamar kwale-kwale, ƙahoninsa sama, a kudancin duniya kuma hasken hagu yake komawa. Idan zanen yara ya saɓa wa hoton littafi, mai yiwuwa yaran ne ke da gaskiya. Ƙa'idar da ba ta canzawa ita ce ɓangaren haske kullum rana yake fuskanta.

Tauraron da ya fi sauƙin nazari shi ne rana, kuma a lokacin makaranta take fitowa. Sanda ɗaya ta isa. A kafa ta a kan daɓe mai laushi, tsawon santimita 50 ko mita 1, a tabbatar ta miƙe sak da zare da aka ɗaura wa ƙaramin dutse. Wannan ba ƙaramin abu ba ne: karkacewar digiri 1 a sanda kuskuren digiri 1 ne a sakamako. Daga ƙarfe 10 zuwa 2 a rinƙa sa alama da alli a kan bakin inuwar kowane minti 15, ƙungiya-ƙungiya, tare da rubuta lokacin. Bakin inuwar yana da dishi-dishi na kusan santimita 1, saboda rana faifai ce ba ɗigo ba. A yarda tun farko cewa tsakiyar dishin za a rinƙa ɗauka.

Abubuwa uku ke fitowa. Inuwa mafi gajarta tana kan layin arewa da kudu na gaskiya. Ba ƙarfe 12 daidai take faɗawa ba, domin agogo na yanki ne mai faɗi, kuma ita kanta rana tana gaba ko baya da agogo har zuwa minti 16 gwargwadon lokacin shekara. Sannan ba lallai inuwar ta ɓace da tsakar rana ba: rana ba ta hawa tsakar ka sai a wuraren da ke tsakanin digiri 23.5 arewa da 23.5 kudu, can ma sau biyu a shekara. Don samun layin gabas da yamma, a zana da'ira da gindin sandar a tsakiya, a sa alama inda bakin inuwa ya taɓa da'irar da safe da inda ya sake taɓa ta bayan azahar, a haɗa su.

Kusurwar rana ba sai da lissafi mai zurfi ba. A rage awon kashi goma a takarda: sandar mita 1 ta zama santimita 10, inuwar santimita 40 ta zama 4, a haɗa, a auna da ma'aunin kusurwa. Idan makonninki sun haɗa da 20 ko 21 ga Maris, ko 22 ko 23 ga Satumba, kusurwar da ke saman sandar da tsakar rana ita ce nisan wurinku daga ikwaita a digiri. Hanyar Eratostenis ke nan, wani masanin Girka, wanda wajen shekara ta 240 kafin haihuwar Annabi Isa ya kwatanta inuwar Iskandariya da ta Aswan a Masar, ya samu bambancin kashi ɗaya cikin hamsin na da'ira, digiri 7.2, ya ninka tazarar garuruwan sau 50. Idan za ku yi da wata makaranta, ta kasance arewa ko kudu da ku da akalla kilomita 500. Digiri ɗaya kilomita 111 ne kawai, to a tazarar kilomita 200 kuskuren rabin digiri zai lalata amsar da fiye da rubu'i.

A kan lokutan shekara, ki sa ran kusan duk ajin zai ce zafi daga matsowa kusa da rana ne. Laifin hoton littafi ne, da yake zana hanyar duniya kamar ƙwai. Ki sa su zana da'ira mai faɗin santimita 30, su matsar da rana milimita 2 da rabi daga tsakiya. Hanyar duniya ke nan a kan ma'auni. Duniya ta fi kusa da rana a farkon Janairu, kilomita miliyan 147, ta fi nisa a farkon Yuli, miliyan 152. A Janairun nan ake tsananin sanyi a Rasha, ake zafi a Ostireliya. Da nisa ne dalili, da tare za su yi.

Dalilin karkacewar duniya ne da digiri 23.5, kuma abu biyu take haifarwa: kusurwar da haske ke sauka da tsawon yini. Na farko a nuna shi da tocila da aka zura wa bututun kwali, a haska takarda mai gida-gida daga santimita 30, a zagaye hasken, a ƙirga gidaje. A karkatar da takardar, ba tocilar ba, har haske ya sauka a digiri 30: gidajen za su kusan ninka, haske ɗaya ya bazu a fili biyu. Idan aka motsa tocilar tazara ta canza, kuma yara su koma kan maganar nisa. Na biyu, Landan tana samun yinin sama da awa 16 a Yuni da kusan awa 8 a Disamba, ikwaita kuwa awa 12 duk shekara, shi ya sa a can ruwa da rani ne ke raba shekara, ba sanyi da zafi ba.

Idan za a zagaya da ƙwallon taswirar duniya a gefen fitila, a zaɓi kusurwa ɗaya ta rufin ɗaki, kan ƙwallon ya rinƙa nuna ta duk zagayen. Yara kan juya karkacewar ta rinƙa bin fitilar, wanda zai ba arewa zafi na har abada.

Mai Duban Sama ya rubuta:

Malama, a kan duniyoyin ki bar zancen haddar sunaye, ki fita da su fili da ma'auni ɗaya na girma da na nisa. Mafi sauƙin lissafi shi ne ɗaya cikin biliyan 10, inda mita 1 ke nufin kilomita miliyan 10. Rana ƙwallo ce mai faɗin santimita 14. Sauran:

Makyuri, rabin milimita, a mita 5.8. Zuhura, milimita 1.2, a mita 10.8. Duniyarmu, milimita 1.3, kan allura, a mita 15, watanta santimita 3.8 daga gefenta. Mas, milimita 0.7, a mita 23. Mushtari, wato Jupita, milimita 14, a mita 78. Zuhal, wato Satun, milimita 12, a mita 143. Yuranus, milimita 5, a mita 287. Neftun, milimita 5, a mita 450.

A manna kowace a kan farin kati, in ba haka ba iska za ta tafi da rabin duniyoyin. Filin ƙwallo zai ɗauki har Mushtari kawai. Sauran a auna su a kan taswirar unguwar makaranta. Kada a rage ma'aunin don komai ya shiga aji, domin duniyoyin za su koma ƙura, kuma kada a yi wa girma ma'auni dabam da na nisa, wannan shi ne kuskuren da ake son cirewa. Ki kuma gaya musu jerin layi ɗaya don sauƙin awo ne, a sama kowace tana nata ɓangaren.

Abin da na fi so a wannan ma'auni: gudun haske, kilomita 300,000 a daƙiƙa, ya koma santimita 3 a daƙiƙa, tafiyar tururuwa. Ki sa yaro ɗaya ya ja yatsa a kan zare daga rana zuwa duniya da wannan gudu, wani na riƙe da agogo. Daƙiƙa 500 zai ɗauka, minti 8 da daƙiƙa 20, ainihin lokacin da hasken rana ke yi kafin ya iso mu. Sannan ki tambaye su ina za a ajiye tauraro mafi kusa in ban da rana, Furoksima Sentori, da haskensa ke yin shekara 4.2 a hanya. Za su nuna bayan katanga. Kilomita 4,000 ne. Tsofaffin littattafai suna lissafa tara da Fuluto. Tun 2006 ƙungiyar masana taurari ta duniya ta sa shi cikin rukunin ƙananan duniyoyi.

Batun saye, ni a ganina madubi ba shi ne na farko ba. Fitila, ƙwallaye, tef ɗin awo na mita 30 da ma'aunin kusurwa sun fi taɓa kowane yaro. In kuɗi ya ragu, madubin hannu mai ido biyu, 7×50 ko 10×50, wato mai ninki 7 ko 10 da gilashin gaba mai faɗin milimita 50, guda biyu ko uku. Da shi ake ganin manyan ramukan wata, Kaza da 'Ya'yanta ta tashi daga taurari shida zuwa gommai, kuma in an jingina gwiwar hannu a kan katanga ana ganin watannin Mushtari huɗu da masanin Italiya Galileyo ya gano a Janairun 1610, 'yan ɗigo a jere da ke sauya wuri daga dare zuwa dare. Na ciki yana kammala zagaye cikin ƙasa da kwana biyu, na waje kusan kwana 17.

In dai sai an sayi babban madubi, a duba faɗin gilashin gaba, kada a duba lambar ninki da aka buga a kwali. Iyakar ninki mai amfani kusan ninki biyu ne na faɗin a milimita: mai milimita 60 ya tsaya a 120, duk abin da ya wuce nan dishi ne. Ninki yana fitowa daga raba tsawon tattara hasken madubin da na gilashin ido: 700 a raba da 25 ya ba da 28, da gilashin 10 ya ba da 70. Kullum a fara da na 25. Ƙafar madubi mai rawa ta fi ƙaramin gilashi ɓata dare. Ki ɗan ƙwanƙwasa bututun, in hoton ya wuce daƙiƙa biyu ko uku yana rawa, a bar shi. Ƙaramin madubin saiti da ke gefe da rana ake daidaita shi, a kan wani turke mai nisa, nesa da ɓangaren da rana take.

Idan an samu yamma ɗaya ta kallo tare da izinin iyaye, a zaɓi lokacin da wata ke kwana 6 zuwa 8. Cikakken wata fari ne fat ba inuwa, ga shi yana kashe taurari. A rabi kuwa duwatsu da ramuka suna fitowa a kan iyakar haske da duhu. Ki lissafa layi: yara 40, kowa daƙiƙa 30, minti 20 ke nan a kan abu ɗaya. Sama tana juyawa digiri ɗaya cikin minti 4, to a ninki 70 abin da aka saita yana ficewa kafin minti uku, dole babba ya tsaya yana maidowa. Yara su sa hannu a baya, ido kawai. Ido yana buƙatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, hasken waya ɗaya ya rusa shi, saboda haka a rufe tociloli da jar leda. Kafin ranar ki duba manhajar Stellarium, kyauta ce kuma tana aiki ba intanet, ki san abin da zai kasance a sama. Zoben Zuhal yana fara rabuwa daga ninki 30 zuwa sama, amma akwai shekarun da yake juyo mana da gefensa ya kusa ɓacewa.

Malamar Aji Biyu ta rubuta:

Allah ya saka da alheri, malamai. Saura biyu. Akwai hanyar da yara za su kalli rana kanta ba tare da haɗari ba? Sannan idan hadari ko hazo ya cinye kwanaki a takardar lura, yaya za a ba da maki, kuma wane irin gwaji ne zai nuna an fahimta ba hadda ba?

Mai Duban Sama ya rubuta:

Kallon kai tsaye babu shi, ranki ya daɗe, sai da tabarau na musamman mai lambar ISO 12312-2, shi ma a ɗaga shi a gaban fitila a duba ko ya huje kafin a ba yaro. Baƙin tabarau na ado, gilashin da aka turara da hayaƙi, fim ɗin hoton asibiti, faifan CD, kallo a cikin ruwa, duk ba sa karewa. Fatar cikin ido da ke karɓar haske ba ta jin zafi, sai bayan sa'o'i yaro zai ga tabo a tsakiyar ganinsa. Ko mai tabarau na musamman kada ya leƙa madubin hangen nesa da shi, hasken da aka tattara zai ƙona shi nan take. Matatar da ake ɗaurawa a gilashin ido ma a jefar da ita, zafi na fasa ta. Matata ta gaskiya a bakin gaba take zama.

Hanyar da ba haɗari ita ce jefa hoto. A rufe ƙaramin madubin duba fuska da takarda, a bar rami mai faɗin milimita 5, a ajiye shi a rana, a jefa hasken ta taga zuwa farar takarda a bangon ɗaki mai duhu. Ko ramin mai kusurwa huɗu ne, da'ira za ta fito, domin hoton rana ne ba na ramin ba. A tazarar mita 10 faɗinta kusan santimita 9 da 'yan kai ne. A raba tazarar da faɗin hoton, a samu wajen 108. A raba kilomita miliyan 150 da shi, ga faɗin rana, kusan kilomita miliyan 1.4, duniya 109 a jere. In tazarar ta gaza mita 5, girman ramin yana kumbura hoton, amsar ta yi yawa. A zagaye hoton da fensir a jira: cikin kusan minti biyu zai fice daga da'irarsa gaba ɗaya, juyawar duniya ke nan a bango. Ba wanda zai tsaya a hanyar hasken yana kallon madubin.

Tsohon Malamin Kimiyya ya rubuta:

Daren da aka yi hadari a rubuta "hadari", da lokaci, kuma a ba shi cikakken maki. In kika hukunta gidan da ba zane, kin koya musu ƙirƙira. Lura takwas na gaskiya cikin kwana 14 sun isa a ga tsarin, kuma idan aka haɗa na ajin duka a kan doguwar takarda a bango, giɓin wani na wani ke cikewa. Na ƙarya ba ya ɓuya: wata da magariba a kwana 20, ko tauraro a tsakanin ƙahonin jinjiri, inda jikin watan ne mai duhu ya tare.

Gwaji kuwa, ki yi tambayoyi huɗu ko biyar a darasin farko ba maki, ki adana, ki maimaita su a ƙarshe, kowace da zane da dalili. An ga rabin wata a tsakar ka da faɗuwar rana: zana inda rana, duniya da wata suke. Wani ya ce ya ga cikakken wata a tsakar ka da azahar: zai yiwu? Mutum yana tsaye a fuskar wata da ke kallonmu ranar da wata bai tsaya ba: wace siffa zai ga duniya? Cikakkiya zai gani, kuma wanda ya yi aikin fitila da hankali zai gano. Da duniya ba ta karkace ba, me zai faru da inuwar sandarmu ta tsakar rana daga wata zuwa wata? Me ya sa ba a taɓa ganin Zara da tsakar dare? Ita da Gamzaki abu ɗaya ne, Zuhura, hanyarta tana cikin tamu, ba ta nisa da rana fiye da digiri 47, to ko dai ta bi rana faɗuwa ko ta riga ta fitowa.

Rabon makonni: lurar wata tana tafiya a gefe tun daga farko; mako na ɗaya sanda da dare da rana, na biyu lokutan shekara, na uku da na huɗu wata da kusufi, na biyar ma'aunin fili da hoton rana, na shida gwaji da cike abin da gajimare ya hana. Safiyar ƙwallo da wata kuwa duk ranar da ta faɗo a ajiye abin da ake yi a fita.